Kififiyoyi Biyar a Tafkin Kawuna

Akwai abubuwa da yawa da shekaru suka share mini su daga rai, har sai wani ya tuna mini nake cewa ashe an yi haka. Amma abin da ya faru a tafkin kawuna, a wani ƙauye da ke bayan Kebbe, ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Na daɗe ina ɓoye shi ko ga abokaina na kusa. Yanzu da furfura ta fara cin gemuna, na ga gara in faɗe shi yadda ya faru, ba tare da na yi wa kaina kwalliya ba.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Tambuwal. Aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga kudu yana koyar da kimiyya, ɗakinsa yana jikin gidana, muka saba sosai. A ɗakin nan nasa akwai wata faffaɗar roba da ruwa a ciki, da ƙananan kififiyoyi guda biyar, wato kunkurun ruwa. Kowace ba ta fi bakin kofin shayi ba. Kore ne shar jikinsu, ga wani jan zane a bayan ido kamar an shafa musu da gangan. Ya ce mini a wata kasuwa a Legas ya saye su, kuma asalinsu ba na ƙasar nan ba ne, daga waje ake shigo da su don ado. Da ya gama aikinsa zai koma gida, direban motar da zai shiga ya ce ba zai ɗauki roba da ruwa da dabbobi ba. Sai ya kawo mini su har tsakar gida, yana roƙona in riƙe.

Matata ta leƙa robar ta dube ni ta ce, "Malam, mi za mu yi da waɗanga kuma?"

Na ce mata abin sha'awa ne, ba sa kuka, ba sa ɓarna, ɗan ganye kawai suke ci. Haka na ɗauka a lokacin, don kuwa haka aka gaya mini.

Shekara uku suka yi a gidana. Abin da ban sani ba shi ne girma suke yi, kuma girma na gaske. Kafin in farga kowace ta kai farantin cin abinci. Koren nan mai kyau ya dushe ya koma launin laka, jan zanen ne kaɗai ya rage. Roba ta yi musu kaɗan, na koma rabin duro, shi ma ya yi kaɗan. Ci kuwa ba a magana: ganye, kan kifi, fara, tsutsa, duk abin da aka jefa sai su yi masa rubdugu. In ruwan ya kwana biyu ba a sauya ba, wari sai ya hana mutum zama a tsakar gida, ga shi in bazara ta yi ruwan sha ma sai an sha wuya kafin a same shi. Ni kuma ina makaranta tun safe, aikin duk ya koma kan matata. Ran nan tana wanke duron ɗaya daga ciki ta cafke mata yatsa, ta ƙi saki sai da aka ɗaga ta sama. Yatsan ya kumbura ya yi ruwa, ta yi kusan mako biyu ba ta iya tuƙa tuwo.

Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ni dai na gama wankin kashin kunkuru a gidan ga. Ka san inda za ka kai su."

Ba zan ce ban nema musu wuri ba. Na yi wa malaman makarantarmu tayi, kowa ya yi dariya. Na roƙi shugaban makaranta a ajiye su a ɗakin gwaje-gwaje don ɗalibai, ya tambaye ni wa zai ba su abinci in an yi hutu, maganar ta mutu a nan. Wani mai sayar da naman daji ga baƙi ya ce in kawo masa, amma da na gane yanka su zai yi sai zuciyata ta ƙi. Na je wurin limamin unguwarmu na ba shi labari. Ya ce dabbar da mutum ya tsare haƙƙinta yana wuyansa, ko dai ya ciyar da ita yadda ya kamata, ko ya bar ta ta nemi abincinta, amma ya kula kada ya cutar da kowa. Na ɗauki rabin maganar da ya yi mini daɗi, na bar masa sauran a wurin.

A nan ne tafkin kawu ya faɗo mini a rai. Kawun nan ƙanen mahaifiyata ne, masunci ne tun tasowarsa, kuma shi ne ke kula da tafkin ƙauyensu kamar yadda mahaifinsa ya kula da shi. Ba wani babban ruwa ba ne, amma ba ya ƙafewa ko a tsakiyar rani. Bado ya rufe rabinsa, mata suna tsinkar 'ya'yansa suna haƙar saiwarsa in abinci ya yi wuya. Akwai tarwaɗa da karfasa a ciki, akwai kififiyoyinmu na gida baƙaƙe waɗanda kawu bai yarda a taɓa su ba. Agwagin matan ƙauyen a nan suke wuni, shanun makiyaya a nan suke sha. Sau ɗaya a shekara kawu yake buɗe ruwan a yi su, wato kamun kifi na gayya, kowane gida ya samu kifin da zai busar ya yi miya da shi har damina. Sauran watanni kuwa ko fatsa ba a jefawa sai da izininsa.

Wata Asabar a farkon damina na jiƙa buhu na zuba su ciki, na ɗaure a bayan babur na kama hanyar Kebbe. Duk ramin da na faɗa sai in ji suna motsi a bayana. Na isa da hantsi, mutane duk suna gona. Ban shiga gari ba, na zagaya ta bayan tafkin na kwance buhun a bakin ruwa. Suka ɗan tsaya suna miƙa wuya, sannan ɗaya bayan ɗaya suka sulale cikin bado. Wallahi a wannan lokaci daɗi na ji. Gani nake na yi aikin lada, na fitar da bayin Allah daga kurkuku. Daga nan na shiga gidan kawu na gaishe shi, aka kawo mini tuwon dawa da miyar busasshen kifi na ci na ƙoshi, ban ce masa komai ba. In da gaske na yarda alheri na yi, me ya hana ni faɗa? Na san sarai da na tambaye shi ba zai yarda ba, shi ya sa ban tambaya ba.

Shekara ta farko da ta biyu ban ji komai ba, har na manta. A ta huɗu ne mahaifiyata ta fara cewa kawu yana kukan kifi ya ragu. A ta biyar na je masa gaisuwar sallah, bayan mun gaisa ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi.

Tun daga nesa na ga tafkin ya sauya. Badon da ya saba rufe ruwa ya zama tsilli-tsilli, ganyen da ya rage duk an gatsa shi. Akwai wani kututturen giginya da ya faɗa cikin ruwa tun ina yaro. A kansa na gan su jere suna shan rana, manya da ƙanana, wasu a kan wasu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na fara ƙirgawa na bari. Kowace da jan zanenta a bayan ido.

Kawu ya nuna su da sanda ya ce, "Dubi abin ga. Tun ban kai kafaɗar babana ba nika shiga ruwan ga, ban taɓa ganin irinsu ba. Sun cinye bado, sun cinye ƙwan kifi da 'ya'yansa. Ɗiyan agwagwa in sunka shiga ruwa sai a ga an ja su ƙasa. Namu baƙaƙen kuwa, bana ko guda ban gani ba. Kai da ka yi karatu, daga ina waɗanga sunka fito?"

Na kawar da kai. Na ce, "Ikon Allah, kawu." Iyakar abin da na ce ke nan.

Da a nan abin ya tsaya, da kifi da bado kawai na ɗauki alhakinsu. Amma mutane ba sa ganin masifa su zauna ba su nemi wanda ya jawo ta ba. Akwai wani maƙwabcin kawu, manomin albasa, mutum mai yawan shiru, wanda duk shekara yake tafiya kudu cin rani. Shekarun baya ya so ya kafa injin ban-ruwa a bakin tafkin, kawu ya hana shi, suka yi cacar baki har sai da dattawa suka shiga. Sai magana ta fara yawo a ƙauyen: wa ke zuwa kudu? Wa ke da haushin tafkin? Wasu suka ce a buhu ya ɗauko su, wasu suka ce ai ba ma dabbobi ba ne, asiri ne. Kawu da kansa ya kai ƙara wurin mai gari.

Ranar da aka yi zaman ina garin, don kawu ya aika mini in zo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar, gari ya taru. Mutumin nan ya rantse da Allah bai san komai ba, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Wani daga baya ya ce mai asiri ai ba ya tsoron rantsuwa. Sai ya waiwaya yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Malam, kai ka yi boko, kuma ba ka da faɗa da ni. Don Allah gaya musu. Ni da nika dawowa saman motar kaya kwana biyu a hanya, ina zan iya ɗauko abin ruwa da rai?"

Kowa ya juyo yana jirana. Na dubi kawu, na ga yadda ya tsufa, na tuna mahaifiyata, na tuna yadda ake nuna ni a ƙauyen ana cewa ga malamin makaranta. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ne masani."

Mai gari bai yanke masa hukunci ba, don babu shaida. Amma gari ya yanke. Aka daina amsa sallamarsa da daɗi, aka daina sayen albasarsa, mata suka daina shiga wurin matarsa ko suna ko biki. In ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Kafin damina ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma wurin danginsa a wajen Sanyinna, ya bar gonarsa da gidan da aka haife shi a ciki. Na ji labari a Tambuwal, na kasa cin abinci, amma ban buɗe baki ba. Na riƙa gaya wa kaina ai ya riga ya tafi, magana yanzu ba za ta gyara komai ba.

Sun kifin da aka yi a ranin da ya biyo baya shi ne mafi muni da aka taɓa gani. Komar masunta ta riƙa fitowa da kififiyoyi fiye da kifi. An kashe waɗanda aka kama, amma kamar ba a taɓa su ba. Sai wasu suka kawo shawarar a zuba maganin ƙwarin gona a ruwan, a kashe komai a huta, in damina ta zo sabon ruwa ya wanke. Kawu, wanda ko ganin jarkar maganin nan kusa da tafki ba ya so, ya gaji har ya ce su yi abin da suka ga dama.

Aka zuba maganin. Washegari da safe aka kira ni a waya aka ce in zo, kawu ba ya magana da kowa. Na bar aji na hau babur. Tun kafin in hango ruwan wari ya tare ni. Abin da na gani ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Kifin da ya rage, ashe da sauransa da dama, duk ya taso ciki sama, fari fat, iska tana tura shi bakin gaɓa. Tarwaɗa manya waɗanda suka yi shekara da shekaru a laka, kwaɗi, har balbelu da suka ci mataccen kifi suna kwance a gefe. Wani makiyayi da bai ji sanarwa ba ya kawo shanunsa da sassafe sun sha. Uku suna kwance kumfa na fita a bakinsu, yana tsugune a kan ɗaya yana shafa wuyanta yana hawaye, babba da shi.

Kififiyoyin kuwa, waɗanda aka yi duk wannan dominsu, ƙalilan ne suka mutu. Su ba kamar kifi ba ne, iska suke shaƙa. Da ruwan ya ɓaci sai suka fito. Ga su nan a kan gaɓa, ga kuma sawunsu a laka ya miƙe ya nufi fadamar da ke gabas, inda wasu tafkunan suke.

Kawu yana zaune a ƙasa, ba tabarma, ƙafafunsa a miƙe. Na durƙusa a gabansa. Ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta. Na ce, "Kawu, ni ne. Ni na kawo su. Guda biyar, a buhu, shekara shida ke nan. Manomin albasar nan bai san komai ba."

Mutanen da ke kusa suka yi salati. Wani ya taso mini, aka riƙe shi. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Ranar da anka tara gari, kana zaune kusa da ni."

Na ce, "Ina zaune, kawu."

Ya ce, "Ya tambaye ka."

Na ce, "Ya tambaye ni."

Ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Ruwa dai ka kashe shi da rashin sani. Amma ka bar ni na ɗauki alhakin mutum da tsufana, kana kallo." Ya juya ya nufi gida.

A ranar na maimaita maganar a gaban mai gari da jama'a. Makiyayin nan na bi shi har rugarsu na ba shi haƙuri, muka daidaita a gaban dattawansu. Bayan kwana biyu na kama hanyar Sanyinna. Na sami manomin albasar nan a gonar wani yana aikin ƙwadago, mutumin da yake da tasa gonar. Na gaya masa komai a tsaye cikin rana. Ya jingina da fartanyarsa yana saurare har na gama.

Ya ce, "Tun ranar nan na ga idonka, na san akwai abin da ka sani. Ban dai zaci kai ne ba." Sannan ya ce, "Na yafe maka nawa. Amma uwar ɗiyana ta rasu watanni huɗu da sunka wuce, nan garin. Har ta cika tana tambayata ko mutanenmu sun gane ba mu ne ba. Wannan ba ni da ikon yafe shi."

Mai gari ya aika masa har sau biyu ya dawo, kawu ma ya je da kansa a bayan babur duk da ciwon ƙafarsa ya roƙe shi gafara. Ya karɓe su da mutunci, amma bai koma ba.

Daga baya na nemi wani likitan dabbobi a Sakkwato na ba shi labari, abin da ya kamata in yi tun farko. Ya ce irin waɗannan kififiyoyi sun zama bala'i a wurare da yawa, kuma kusan ko'ina haka abin yake farawa, daga mai tausayi da ya gaji da riƙo. Ya ce ƙarancin ruwan sama ma ya taimaka wajen rage kifin, kada in ɗora komai a kansu, amma korar namu na gida da cinye bado aikinsu ne. Ya ce da na zo da biyar ɗin nan, da an raba maza da mata an sami mai riƙe su a wuri killatacce, magana ta ƙare. Ya koya mana yadda ake kama su da tarko a inda suke shan rana, da yadda ake gane inda suka binne ƙwai a gaɓa. Duk rani ina zuwa mu yi wannan aiki da masuntan ƙauyen. Tafkin ya ɗan farfaɗo, an sake zuba kifi, amma baƙaƙen nan na gida ba su dawo ba, kuma masunta sun ce suna ganin masu jan zanen a ruwayen da ban taɓa zuwa ba.

Kawu ya yi shekara guda ba ya amsa mini sai gaisuwa. Daga baya ya sauko, har yakan tambayi iyalina. Amma bai sake taka bakin tafkin ba har Allah ya karɓi ransa, kuma bai sake kirana in zauna kusa da shi a taro ba.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Dabbar da ba ta ƙasarka ba, in ka karɓe ta, ka karɓi nauyinta har ƙarshe. In ka gaza, ka nemi masana su nuna maka inda za ka kai ta, kada ka juye ta a ruwan mutane ka kira abin tausayi. Ni ba tausayinsu na ji ba, gajiya na yi, na nemi inda zan sauke kayana ba tare da kowa ya gani ba. Na biyu kuma ya fi wannan nauyi. Kuskurena na farko na yi shi cikin jahilci, kuma da na faɗe shi ranar da kawu ya nuna mini kututturen nan, da kunya kawai zan sha na ɗan lokaci. Shirun da na yi ne ya raba mutum da garinsa, ya sa tsoho ya zalunci maƙwabcinsa, ya sa baiwar Allah ta mutu da baƙin ciki. Duk wanda ya san gaskiya a ranar da ake tuhumar wani da laifinsa, to ya faɗe ta a ranar, tun waɗanda za ta amfana suna da rai.